Neman Janye Ruwan da Na Zuba wa Anaruwa

Zuwa ga:
Mai Girma Monper,
Babban limamin Katolika mai duba takardun masu shiga limanci

Daga:
Gogo Sakina Manzo, ungozoma,
Urno, gundumar Madawa

Ranar 9 ga watan Maris, 2024

Game da: janye baftismar da na yi wa Etiyan, wanda muke kira Anaruwa

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina gabatar da kukana bisa abubuwa kamar haka:

1. Ni Musulma ce, ɗiyar Musulmi. Ranar 14 ga Agusta, 1996, bayan azahar, na karɓi haihuwar Madam Bernadet, matar malamin lakkol, wato makarantar boko, na garinmu, mutanen Dogon Dutsi, mabiya addininku. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙorama ta yanke hanyar Madawa, jaririn kuma ya fito bai yi kuka ba. Uwar ta roƙe ni in zuba mishi ruwa sau uku a kai, in maimaita kalmomin da take faɗi, da nufin abin da cocinku ke nufi. Ta ce ga mai bakin mutuwa kowa na iya yi. Na ɗebo daga randa da ludayi, na yi. Yaro ya yi atishawa, ya tsala ihu. Shi ne Etiyan.

2. Uwar ta rasu yana wata bakwai. Ni na goye shi, ni na yaye shi, har anka canza wa ubansa wurin aiki. Ban taɓa ja mishi kunne kan addini ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da anka ce yana karatun limanci na yi guɗa, don limamin unguwarmu, Malam Alƙasim, ɗiyansa goma sha ɗaya ne.

3. Ranar 3 ga Fabrairu, wakilinku ya zo bisa moto da takarda. Ya ce gara ta cinye littafin da anka rubuta baftismar, kuma ba a naɗa wanda ba a tabbatar da tasa ba, saboda haka in dangwala hannu a matsayin shaida. Har na miƙa yatsa, sai na tambayi ranar bikin aurensa. Nan na ji cewa limaminku ba ya aure. Ba jinkiri ba, ba sai ya gama karatu ba, har abada. Ranka shi daɗe, shekara ashirin da bakwai ba wanda ya gaya mini wannan, shi kansa ja'irin in na tayar da zance sai ya sosa ƙeya. Ga ni ina ta yi wa wata ma'aikaciyar asibitin Buza, mai addininku, aiken albasa da kuɓewa don in samo mishi mata.

4. Na janye yatsana, na ce na kuma janye ruwana. Wakilinku ya amsa da ladabi cewa baftisma ba ta goguwa. Ina jayayya. Randa tawa, ludayi nawa, hannu nawa, kuma ba da wannan sharaɗi na zuba ba.

5. Abin da ya fi ci mini rai ya faru ranar 24 ga Fabrairu. Wakilin ya dawo ya ce in na ƙi shaida ba komi, za a ɗauka akwai shakka, a sake zuba mishi wani ruwa ko da nawa bai kama ba. Bai kama ba! Ruwan da ya ta da yaron da ya yi laƙwas a hannuna? Haihuwa ta fi ɗari shida na karɓa a ƙasar Urno, ba a taɓa kiran wata ta gyara aikina ba. Wallahi na ji kunya, a gaban jikokin maƙwabta ya faɗa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma:

Na farko, a duba littattafanku da kyau, ko akwai ƙofar da za a naɗa shi kuma a bar shi ya yi aure, ko da mace ɗaya ce.

Na biyu, in babu, kada kowa ya sake jiƙa mishi kai. A turo takardar, zan dangwala, don na kira shi a waya na yi mishi faɗa har katina ya ƙare, na kuma ji a muryarsa cewa abin nan yake so. Ba ni zan tare mishi hanya ba.

Na uku, tunda kun hana shi matar da za ta tambaye shi ko ya ci abinci, a ajiye shi kusa, inda motar kasuwa ke zuwa daga Urno. Na tsufa, amma ina iya tuƙa tuwo.

Ina jiran amsa da haƙuri, tare da ladabi da biyayya. Allah shi ƙara girma.

Taku,
Gogo Sakina Manzo
(dangwalen babban yatsan dama)
Malam Alƙasim ya rubuta da yawuna, ya ce a shaida ba ra'ayinsa ba ne.