Rigar Japhet Mai Lamba Ɗaya

Rikoto, Zuru,
9 ga Oktoba, 1978.

Ƙanena Kefas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau. Baba ya ce in tambaye ka ko ana samun dawa a Kanada, na ce masa ko akwai ai ba ka iya tuƙa tuwo ba.

Bayan haka, ranar Lahadi yayanka Japhet ya cika shekara da rasuwa. Bayan sujada dangi suka taru aka raba kayansa yadda aka saba a gidanku. Babbar rigarsa ta tafi wurin Kawu na Mahuta. Kai kuma Baba ya ware maka koriyar rigar nan tasa ta gola, mai lamba ɗaya a baya, wadda Sylvester tela ya ɗinka masa. Tana cikin akwatina.

To ga inda maganar take. 'Yan kulob ɗin ƙwallo na Rikoto sun zo har gida. Suna da wasa da kulob ɗin Danko a ƙarshen Janairu, sun ɗauki Lawwali mai gyaran keke a matsayin sabon gola, kuma suna so ya sa rigar. Baba yana bayansu. Ya ce, "Tufan mamaci sawa aka yi. In kun bar wagga riga cikin akwati, mutane cewa za su yi ɗana bai bar kowa ba."

Ni kuwa ba zan ɓoye maka ba. Shekara bakwai ina zama a bakin filin nan ina kallon lambar nan a bayan mijina. In na gan ta a bayan wani, ban san abin da zan yi a gaban jama'a ba. Amma rigar rabonka ce, kuma Baba ya yarda maganarka ce za ta raba gardama. Ka amsa da wuri.

Allah ya tsare ka.
Yayarka,
Theresa.

Ontario, Kanada,
5 ga Nuwamba, 1978.

Zuwa ga Yaya Theresa,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ke da Baba da dukan gida kuna lafiya. Wasiƙarki ta same ni a makon da na tafka abin kunyar da ban taɓa yin irinsa ba. Amsarki tana cikin labarin, don haka ki daure ki karanta.

Mutanen nan suna da wani wasa da suke kira hoki. Ana yin sa a wani katafaren ɗaki da aka malala wa ruwa ya daskare. 'Yan wasa sukan ɗaura takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, su riƙe sanduna, su bi wata 'yar baƙar roba. Yaya, ban taɓa ganin ɗan Adam yana gudu haka ba, ƙafarsa kuma ba ta barin ƙasa. In suka taka birki, ƙanƙara ce ke tashi sama kamar gari. Ranar da na fara gani, a tsaye na ƙare wasan ban san ban zauna ba.

Lambar riga a wurinsu ta mutum ce, kamar sunansa. Ɗaya ta gola ce, kamar mu. Ƙananan lambobi galibi na 'yan baya ne. Wai a da, da suke zuwa wasa a jirgin ƙasa, lambar rigarka ita ce lambar gadonka, ƙananan lambobi ke samun gadajen ƙasa, waɗanda suka fi na sama daɗin kwana, shi ya sa kowa ke kwaɗayin ƙaramar lamba. Tara kuma sai gwanin gwanaye.

Ina haya a gidan wata tsohuwa, Misis Agnes. Da sanyi ya shigo ta buɗe mini akwatin ɗanta Wilfred, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce, ta ce in zaɓi abin da zai yi mini. Can ƙasa na ga wata jar riga mai kauri da lamba biyar. Na ce a raina, matar nan ba ta da wani ɗa, shekara tara ba wanda ya sa wa yaron nan rigarsa. Tausayinta ya kama ni. Ranar Asabar ta riga ni tafiya kallon wasa, ni kuma na zura rigar na bi ta, wai in faranta mata.

Ina saukowa tsakanin kujeru sai na ji surutu yana mutuwa layi bayan layi. Ɗakin ya cika maƙil, amma har ƙarar takalmina nake ji. Wani dattijo mai karɓar tikiti ya riƙo hannuna a hankali ya nuna mini sama. A jikin ƙarafunan rufi an rataye wani babban ƙyalle mai lamba biyar da sunan Wilfred. Ya ce ɗan wasansu ne, kuma tun da aka binne shi garin ya ɗaga lambarsa can. Ba wanda zai sake sa biyar a kulob ɗin har abada. In suna jera riguna, daga huɗu sai shida.

Na tsaya ina kallon sama. Gari guda sun yarda su bar gurbi a cikin ƙidaya saboda mutum ɗaya, kuma kowane yaro ya san na wane ne. Kunya ta rufe ni, amma mamaki ya fi kunyar.

Don haka ga maganata. Kada a ba kowa rigar Japhet. A rataye ta a sama inda kowa zai gani, kuma kada wani ya ƙara sa ɗaya a Rikoto.

Ki gaida Baba da kyau.
Ƙanenki,
Kefas.

Rikoto, Zuru,
27 ga Nuwamba, 1978.

Kefas,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun aika ka koyon gyaran injuna, ka ɓuge da tsorata tsofaffin mutane. Sannu da aiki.

Na kai wasiƙarka shagon Sylvester na karanta wa 'yan kulob. Da na zo wurin daga huɗu sai shida, Sylvester ya tsayar da keken ɗinkinsa ya cire tabarau. Ka san shekara uku Japhet ya ɓoye masa keken nan a rumbu lokacin yaƙin basasa, har Sylvester ya dawo daga gabas ya same shi ko tsatsa babu. Ya ce in sake karanta wurin. Sau uku na karanta.

Baba kuwa ya ƙi. Ya ce, "Riga tuta ce? Yaron ga ya tafi ƙasar da ruwa ka zama dutse, shi ma kansa ya daskare. Mi a amfanin riga in ba jiki cikinta?" Kwana biyu ke nan bai ci tuwona da daɗin rai ba.

Kuma akwai abu biyu da ba ka yi tunani ba. Filinmu ba shi da rufi, sai sararin Allah. Sannan Lawwali ya ce shi ba ya son rigar da za a yi kuka a kanta, amma ba zai tsaya a raga da baya fayau ba lamba ba. In an ɗaga ɗaya, me golan mutanenka ke sawa?

Sai tambaya ta uku, wadda ita ce tawa. Ka ba ni labarin dattijo da ƙyalle da rufi, ka tsallake tsohuwar. Me ta yi da ta gan ka? Kada ka yi mini wayo, ni na yi maka wanki tun kana firamare.

Allah ya kiyaye.
Theresa.

Ontario, Kanada,
18 ga Disamba, 1978.

Yaya Theresa,

Bayan gaisuwa, barka da Kirsimeti mai zuwa. Amsar Lawwali mai sauƙi ce. A nan gola na biyu yakan sa talatin. Maganar rufi kuma na bar wa Sylvester.

Gaskiya ne na tsallake Misis Agnes, don lokacin ban san yadda za ta ƙare ba. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba, sai ta ajiye abinci ta wuce. Har na fara ɗaure kayana. Rana ta huɗu ta kira ni ta ce in gaya mata dalili. Na ce a gidanmu in mutum ya mutu, danginsa ke sa tufafinsa, don a ga ya bar mutane. Sannan ta ce tana zaune a layin sama lokacin da na shigo, bayana kawai ta gani yana sauka. Ta ce shekara tara tana ɗaga kai ta kalli lambar nan a rataye ba ta motsi, sai ranar ta gan ta tana tafiya. Ta ce ba fushi ya hana ta magana ba.

Yanzu kowace Lahadi bayan coci takan fito da rigar ta ce in sa mu ci abinci. Waje ne dai ba na fita da ita.

Don haka ban san kuma wa ke da gaskiya ba, mutanen nan ko Baba. Na yi saurin yanke magana. Rabona na ba ki, ki yi abin da zuciyarki za ta iya ɗauka.

Ƙanenki,
Kefas.

Rikoto, Zuru,
29 ga Janairu, 1979.

Ƙanena Kefas,

Gaisuwa. An yi wasa shekaranjiya, kuma zan ba ka labari tiryan-tiryan.

Wasiƙarka ta biyu na karanta wa Baba ita, ya tashi ya tafi gona. Ni kuma na yanke a ɗaga rigar. Sylvester ya ɗinka wa Lawwali rawaya mai lamba talatin, ya sa aka saro doguwar gora, ya gicciya mata sanda a kai. Da Lawwali ya fito, mutanen Danko suka dinga dariya suna cewa, "Ku talatin ne? Ina sauran?"

Ni da hannuna na zura sandar a hannuwan rigar. Sylvester ya tsaya tsakiyar fili ya ce, "Wannan lamba ta Japhet ce. Daga yau Rikoto daga biyu take fara ƙirga." Aka ɗaga gorar aka kafa bayan raga. Iska ta shiga rigar ta cika ta, hannuwan a buɗe, daidai yadda yake tsayuwa in za a buga masa fanareti. Kefas, dariyar nan ɗif ta ɗauke. 'Yan Danko suka cire huluna. Wasu Fulani da ke wucewa da shanu suka tsaya ba su san ma abin da ake yi ba. Ban taɓa jin filin nan shiru haka ba, sai ƙarar rigar kawai.

An ci mu biyu da ɗaya, ba wanda ya damu.

Ana tashi sai ga Baba, ashe yana gindin tsamiya tun farko. Ya taka har bayan raga ya ce a sauko da ita. Na ce a raina Lawwali zai miƙa wa. Ya karɓa ya kaɗe ta, ya ba ni sandarsa in riƙe, ya zura ta a kan taguwarsa. Ya karɓi sandarsa ya kama hanyar gida, jama'a na darewa suna ba shi hanya.

Abin da nake tsoro tun Oktoba shi ne ya faru, na ga lambar a bayan wani. Na bi bayan nan tun daga fili har ƙofar gida. Ashe kafaɗar hagu da Japhet ke saukarwa in yana tafiya, a wurin Baba ya samo ta. Na yi kuka, amma da ƙafata na iso.

Baba yana da saƙo, na rubuta a bayan takardar.

Yayarka,
Theresa.

Kefas,

Ni ubanka nika magana, Theresa ka rubutu. Ina gaishe ka.

Ranar wasa riga ta hau sama, na yarda. Sauran kwanaki ni ka sa ta. In na tafi, kai za ka sa. Ta yi mini yawa ga ƙirji, amma ban bari Sylvester shi rage ta ba.

Ka gaida tsohuwar da kake gidanta. Ka ce mata wani tsoho a Zuru ya ɗaga kai ya ga abin da take gani.

Allah shi dawo da kai lafiya.