A Dawo Mana da Muryar Malam Kafin Kunnen Inna Ya Rufe

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ta zo Aujara ta kwashi kaset-kaset na karatun mahaifinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da sauran ma'aikata, da fatan kowa yana lafiya. Sunana Rabi, malamar makaranta ce ni a nan Dutse, kuma 'ya ta uku ga marigayi Malam na Aujara, wanda sunansa ke rubuce a takardar shaidar da mutanenka suka bar mana. Ban kama sunan cibiyarku ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Har yanzu ina sa ran za ku gyara, ba na son in ɓata abin da zai iya gyaruwa.

Da na samu ganinka, da ban rubuta wannan a fili ba. Sau uku ina hawa bas daga Dutse zuwa ofishinku, sau uku ana ce mini kana taro. Lokaci kuwa ba ya jirana. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta haura saba'in. Kunnenta na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama yana binsa a hankali, likita kuma ya gaya mini ba ciwo ba ne mai komawa baya. Abu ɗaya take roƙo a duniyar nan, ta sake jin muryar mijinta tun tana iya ji. Muryar tana hannunku.

Na ɗaya: yadda kuka karɓi kaset ɗin.

Malam ya yi sama da shekara arba'in yana ba da karatu a zaurensa. Wani ɗalibinsa direba ne ya sayo masa rikoda, daga nan aka riƙa ɗaukar tafsirin azumi da karatun safe, har kaset ya kai ɗari biyu da goma sha ɗaya. Inna ce mai ajiya. A cikin akwatin ƙarfe take jera su, ta naɗe da farin ƙyalle, ta ɗora akwatin a saman kabad. Bayan rasuwar Malam, kullum da hantsi sai ta zaro ɗaya ta saka. Ta taɓa gaya mini ba karatun kaɗai take saurare ba. Tana jiran wurin da zai yi gyaran murya, da wurin da zai tsaya a tsakiyar bayani ya ce a kori akuyar nan daga bakin zaure.

Shekara biyu ke nan da mutanenka suka zo da farar mota da takarda mai hatimi. Suka ce kaset yana ruɓewa, za su juye karatun cikin kwamfuta don kada ya salwanta, su dawo mana da kayanmu cikin wata uku tare da kwafi. Yayanmu, wanda ya gaji makarantar, ya amince. Inna ce ta ƙi. Ni kuma, mai ilimin boko ta gidan, ni na zauna na yi ta lallashinta har ta miƙa mukullin akwatin. Ta roƙi a bar mata ko guda ɗaya. Mutanenka suka ce a'a Hajiya, a bari aikin ya cika, ai wata uku kamar gobe ne. Ina tsaye aka faɗi haka, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa yana cina har yau.

Na biyu: yadda kuka ce mu karɓi kwafin.

Wata uku ya zama shekara da rabi. Na yi waya har na haddace muryar mai ɗagawa. A ƙarshe wani ma'aikacinku ya turo mini adireshin intanet, ya ce in saka wata manhaja a laftof ɗina. Ya yi mini bayani cewa karatun zai riƙa tahowa kai tsaye daga kwamfutar ofishinku zuwa tawa, gutsure-gutsure, kuma sai duka biyun suna kunne a lokaci guda. Na ce masa don Allah ya zuba mini a memori in zo in karɓa. Ya ce dokar ofis ta hana a soka memorin waje a kwamfutarku, saboda cutar kwamfuta. Na ce to a raba shi kashi-kashi, Inna ta fara jin wani abu. Ya ce an riga an ɗaure shi dunƙule guda, ba abin da zai buɗe sai ya gama sauka duka.

Yallaɓai, a hannu kuka ɗauki kaset ɗin nan, a mota kuka tafi da shi. Da aka zo mayarwa sai aka ce mu tsaya mu tara shi ɗigo-ɗigo kamar ruwan famfo a bazara. Ina adalci a nan?

Na uku: kwana ashirin da uku.

A lokacin Inna tana wurina a Dutse saboda ganin likita. Tsakiyar bazara ce, kuma duk wanda ya san garin nan ya san yadda duwatsu ke riƙe zafi su yi ta hurowa cikin gidaje. Na kunna laftof ɗin, ban sake kashe ta ba. Kwamfutarku ƙarfe huɗu ake kashe ta, ranar Juma'a tun kafin masallaci. Amma wani lokacin sai wani ya shiga ofis ranar Asabar ya kunna, ba kuma wanda zai sanar da ni. Saboda haka tawa ba ta da hutu, kullum tana zaune tana jiran taku ta farka.

In an ɗauke wuta, sai in sungume ta a buɗe in tsallaka gidan maƙwabciyata mai sola, ina tafe ina kallon batir kamar mai ɗauke da miya a faranti. In ina makaranta, ita maƙwabciyar ke yi mini wannan gudun, Allah ya saka mata da alheri. Fankar cikin laftof ɗin kuwa ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, jikinta ya yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai. Na tambayi mai gyara, ya ce in sauke ta ƙasa a kan siminti, in ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasanta. Haka na yi, a falo kusa da ƙofa.

Akwai wani koren layi da ke nuna inda saukar ta kai. Inna ba ta san kashi cikin ɗari ba, amma ta san layin. Kullum da safe sai ta dafa bango ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Rabi, Malam ya kawo ina?" Sai in ɗora yatsa in nuna mata. Ran da ya motsa, ranar za ta ci tuwo da yawa. Ran da bai motsa ba sai ta ce wataƙila ya tsaya sallah a hanya, mu yi dariya. Ban taɓa ganinta da walwala irin ta kwanakin nan ba tun da aka yi mana rasuwa.

Na huɗu: ranar da laftof ɗin ta mutu, da nawa laifin.

Ba zan ɓoye nawa ba. Sau biyu Inna tana yi mini magana. Ta ce, "Rabi, ayoyin Allah ne fa ke shiga cikin abin nan, kin ajiye shi a ƙasa ana gittawa da ƙafa." Ni kuma ina sauri, na ce Inna ki bar shi kawai, haka ake yi. Ban zauna na yi mata bayanin zafi da iska ba. Na ɗauka magana ce ta tsofaffi, za ta wuce.

Yallaɓai, matar nan a gidan malamai aka haife ta, a gidan malamai ta tsufa. Ko guntuwar takarda ta gani a ƙasa da rubutun Larabci, sai ta duƙa ta ɗauka ta soke a jikin katanga. Littafin Malam bai taɓa kwana ba naɗi ba. Yadda ta ga abin, karatun mijinta ne yashe a bakin ƙofa kusa da takalma, kwana ashirin da biyu tana haƙuri.

Ranar Talata ce, layin ya kai casa'in da huɗu, na tafi makaranta da murnata. Bayan fitata ta yi alwala, ta ɗauki laftof ɗin da hannu biyu, ta kai ɗakinta ta jona a soket ɗin gefen gado don ta ga yadda nake yi. Ta shimfiɗa buzun Malam da ta taho da shi daga Aujara a kan katifa, ta ɗora ta a kai, ta warware rawaninsa ta naɗe ta tsaf kamar yadda take naɗe littattafansa. Sannan ta zauna a gefe da carbinta.

Na dawo bayan azahar. Tun daga ƙofa na ji ƙaurin roba. Na ga bulo biyu babu komai a kai. Na shiga ɗakin, Inna ta ɗago tana murmushi ta ce, "Na ɗauke shi daga ƙasa. Kin ga har ya yi shiru, ya huta da kukan nan."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yaye rawanin, na danna, na sake dannawa, ba ko ƙyaftawa. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ɗaga wa mahaifiyata murya. Da ƙarfi na yi, har kunnen da ba ya ji sosai ya ji kowace kalma. Inna ta ninke rawanin a kan cinyarta. Na durƙusa na ba ta haƙuri a ranar, ta ce ta yafe, na kuma san ta yafe. Amma tun daga ranar ba ta sake tambayata ina Malam ya kawo ba. Da magariba ita ce ma ta kira ni ta ce in yafe mata, wai ita ta kore shi yana bakin ƙofa. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na biyar: amsar da ofishinku ya ba ni.

Mai gyara ya buɗe laftof ɗin ya ce cikinta ya ƙone, har da wurin ajiyar, ba abin da zai ciro. Ban tsaya kukan laftof ba. Na aro ta wata abokiyar aikina, na ce in ma kwana arba'in ne zan sake. Na saka adireshin, ya ƙi buɗewa. Na kira ma'aikacin nan, ya ce ai shirin ya ƙare, an canza masa wurin aiki, kwamfutar kuma an ba wani sashe, bai san ko karatun yana ciki ba. Na zo da kaina na tambayi kaset ɗin. Zuwan farko aka ce suna sito. Na biyu aka ce mai mukullin sito yana hutu. Na uku aka ce sai ka sa hannu.

A zuwa na ukun ne na yi kuskuren ba su labarin yadda abin ya faru, ina zaton za su tausaya. Mutum biyu ne a ofishin. Ɗaya ya tuntsire da dariya, ya ce wai an yi wa kwamfuta naɗin sarauta. Ɗayan ya ce ai laifinmu ne, wa ya ce a lulluɓe ta. Yallaɓai, ku da aikinku shiga gidajen malamai ne, ku ne za ku yi wa tsohuwa dariya don ta girmama ayar Allah? Ai wannan girmamawar ce ta adana muku kaset ɗin shekara da shekaru ba ko ɗaya da ya lalace, har kuka zo kuka samu abin ɗauka. Na fito ban yi musu sallama ba, Allah ya yafe mini. A cikin bas na yi kukana.

Abin da nake roƙo.

Ban nemi ku biya ni laftof ba. Mu muka ƙona ta, mun ɗauka. Ina roƙon ka sa hannu a buɗe siton nan a dawo mana da kayanmu, duka ɗari biyu da goma sha ɗaya, kamar yadda takardarku ta yi alkawari. In kwafin yana nan, zan kawo memori sabo fil a ledarsa, ku ɓare da hannunku. Na kuma ji kun karɓi irin wannan ajiya a wasu gidajen malamai wajen Miga. Don Allah ku mayar musu a hannu yadda kuka karɓa a hannu, kada ku sa wata tsohuwar zaman kallon koren layi.

In kuwa duk wannan sai an yi taro an kafa kwamiti, to ku yi taronku, amma ku ba ni kaset ɗaya a wannan makon. Kowanne ne, ba sai kun zaɓa ba, wanda hannu ya fara kaiwa. Rikodar tana nan, na sa mata sabon batir. Ku faɗi rana da lokaci, zan zo in tsaya a bakin get.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya, in kuma sun rigaye mu, Allah ya haskaka kabarinsu. Allah ya sa aikin da kuke yi na adana ilimi ya zama hujja gare ku ranar gobe.

Ina roƙon ka hanzarta, Yallaɓai. Masallacin unguwarmu katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi, lasifikarsa tana kallon tagar ɗakin Inna. Jiya aka kira la'asar, aka tayar, aka idar. Na shiga na same ta zaune a kan darduma da alwalarta, ta ɗago ta ce, "Rabi, yau ladan bai zo ba ne?"

Wassalamu alaikum.

Taku cikin jimami,
Rabi, 'yar Malam,
Dutse.