Wai Ba Ki da Sana'a, Inna

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, ina kuma jurewa.

Aikinmu haɗa bayanan ƙauyuka a kwamfuta, kowace gona da mai noma ta, wai don a kawar da yunwa. Jiya na buɗe na garinmu. Gonarki an rubuta ta da sunan Baba, da ya shekara bakwai bai riƙe fartanya ba. Ke kuwa, "ba ta da sana'a"!

Na ce wa shugabana, "Uwata ce, ita ke noman." Wai ina hujja.

Don Allah Yaya ya turo min hoton tafin hannunki. In ga wanda zai kalli kantar hannun nan ya sake tambayata hujja.

Allah ya ƙara girma.

Autarki