Ɗan Kunnen Da Na Binne A Tsakar Gida

Zuwa ga maigidana da ke Legas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan sana'arka. Mu nan Dogo Nini lafiya lau muke. Inna tana sa maka albarka, gwiwarta ta ɗan yi sauƙi. Na rubuto a nan inda kowa zai gani ne domin na lura ka fi leƙa shafin nan a kan saƙonnina. Masu karatu su yi mini uzuri, ba zan kama sunanka ba.

Ka bi tirelar shanu a kan za ka sayar ka juyo. Sai aiki ya samu a kara, kasuwar shanun can, ka zauna. Na haƙura, namiji da nema aka san shi. Damina ta zo ta wuce ba ka nan, ga wata ta kawo kai.

Na tuna ranar da ka turo mini hoton bidiyo na farko. Kana tafiya a bakin teku, ƙafar wando a naɗe, riƙe da wata doguwar sanda mai faifai a baki, kana shara da ita a saman yashi ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Ka ce na'urar neman ƙarfe ce, wani dattijo da zai koma garinsu ya bar maka, kuma duk ranar da kasuwa ta lafa can kake wuni. Ta yi ƙara, ka durƙusa ka tona, ka ɗago marfin kwalba kana dariya. Rabon da in ji irin wannan dariyar taka tun kana gida.

Ni ƙarar ce ta fara tayar mini da hankali. Ka san irinta muka taso muna ji a ƙofar makaranta, shekarun da gari ba lafiya, ana shafa mana ƙaramar na'urar bincike a jiki kafin mu shiga. Akwai ranar da ta yi kuka a kaina saboda fil ɗin hijabi. Yau ga ka kana bin ƙarar nan da murna kamar mai bin kiɗa. Na yi ta maimaita bidiyon har kunnena ya saba.

Daga nan ƙunshi ya fara zuwa ta hannun direbobi. Makulli mai tsatsa, kwabban ƙasashen da ban san sunansu ba, bayan agogo, ƙaramin cokali. Sai 'yan kunne, kullum wari guda. Na wanke gwangwanin madara na zuba su a ciki.

Ka san ni da littattafai. Kai ne kake tsayawa a bakin ƙofa ina karatu, tuwo yana neman kamawa, ka ce, "Wata rana sai na shiga littafin nan na nemo matata." To yanzu gwangwanin ya zama mini littafi. In na gama aiki sai in juye shi a tabarma, in ba kowane abu labarinsa. Makullin na wani matafiyi ne da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana laluben aljihu. Ɗan kunne mai koren dutse na wata amarya ne da aka kai ta ganin ruwa, iska ta fizge mata mayafi. A labaraina, mai abu yakan dawo ya nema. Daga baya na zauna na yi tunani, na ga ai da sun dawo da abin bai zo hannuna ba. Kowane wari da ke gwangwanina yana da ɗan uwa a akwatin wata mata, an ajiye shi, ba a sawa, ba a kuma yarwa.

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi faɗi da na sani shi ne wanda yake kwanciya a gefen hanyar Damagum in damina ta yi ƙarfi. Amma yashi kam muna da shi, cike da tsakar gidanmu.

Ka ce za ka zo da azumi. Ka ce ƙaramar Sallah. Da na tambaye ka a waya, ka yi dariya ka ce in bari ka tono mini zinari tukuna. Na san wasa kake yi, amma maganar ta zauna mini.

Wata la'asar Inna ta tafi taron suna a unguwar Yindiski, gidan ya yi shiru, na rufe littafin da nake karantawa zuciyata cike da shi. Na cire ɗan kunnena na hagu, cikin waɗanda ka sa mini a lefe. Na haƙa rami kusa da randa, ƙarƙashin dalbejiya, na binne shi, na ɗora dutse a kai. Niyyata in aiko maka cewa akwai zinari a gidanku, ka zo da na'urarka ka nema. A littafi, da namiji ya ji haka tasha zai nufa.

Ban kai ga aiko maka ba, kunya ta hana ni. Ana nan sai aka yi ruwan farko mai iska, ya share tsakar gida ya sauya mata kama. Dutsen kuma Inna ta ɗauke ta tokare ƙofar kicin da shi, ba ta san na komai ba ne.

Na tona inda nake zato, babu. Na matsa gaba na tona da ludayi, na tankaɗe yashin da rariya, babu. Na ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyonka, na ɗaura masa igiya ina ja daga zaure zuwa bayan ɗaki. Ya kamo ƙusoshi, da reza, da allurar da Inna ta daɗe tana nema. Sai da na gaji na tuna ka taɓa gaya mini zinari ba ya bin mayen ƙarfe. Ashe da gaske zinari ka saya mini. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai, har dariyar ta koma wani abu.

Inna ba ta tambaye ni ba. Ta dai dubi ramukan, ta dubi kunnena ranar da na zame ɗankwali zan yi alwala, ta ce kajin gidan nan sun koyi tono da ludayi. Shekaranjiya kuma ta sanar da ni cewa bayan babbar Sallah magini zai zo ya shafe tsakar gida da siminti, don santsin laka yana neman kayar da ita. Ta ƙara da cewa, "Ki gaya wa mutumin Legas. Ni in na kira shi, saƙo yake turowa."

To ga shi na gaya maka. Ba zan roƙi Inna ta ɗaga aikin ba, ƙafarta ta fi ɗan kunne. In siminti ya hau, shi ke nan, zan riƙa taka shi kullum da tsintsiya a hannu ban san daidai inda yake ba. Na daman har yanzu yana kunnena. Na ɗauko gwangwanin sau da yawa zan jefa shi cikin 'yan uwansa, hannuna ya ƙi.

Masoyina, kana can kana durƙusa wa abin da baƙi suka yar. Naka yana nan cikin yashin gidan da aka haife ka, bai fi zurfin tafin hannu ba. Kada ka aiko da na'urar ta hannun direba, ban iya ta ba, kuma ba na son in iya. In ta yi maka nauyi a mota ka bar ta can, ka zo haka nan, mu tona da hannu.

Allah Ya tsare ka daga sharrin ruwa da sharrin hanya. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya juyo mana da ƙafarka gida kafin magini ya kwaɓa siminti. Amin.

Taka har kullum,
mai ɗan kunne ɗaya, Dogo Nini.