Abin da Baba Ya Gani a Jikin Bango

Misfala, Makka
9 ga Rajab, 1388

Yaya Hashimu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatu da mutanen Madina.

Maigidana Idris ya aro na'urar majigi daga wani abokinsa a Jidda. Bayan la'asar muka toshe tagogi da barguna, ya haska a bango. Fim ne na Japanawa, baƙi da fari, mayaƙa masu takubba da ɗaurin gashi, wai samurai ake ce musu. Ba mai jin ko kalma ɗaya. Baba ya dawo daga wurin tsirensa ya tarar da mu. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya zauna a bakin ƙofa.

Can aka sari wani mayaƙi, ya faɗi a gonar shinkafa yana ta maimaita wata kalma. Yaya, sai Baba ya ce, "Ruwa yake roƙo." Idris ya ce, "Baba, ina ka san yarensu?" Baba ya tashi ya shige ɗakinsa. Yau kwana biyu bai fita kasuwa ba.

Don Allah, ya taɓa gaya maka wani abin da ban sani ba?

Ƙanwarka,
Saudatu

Madina
17 ga Rajab

Zuwa ga ƙanwata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye.

Abin da na sani shi ne abin da kika sani. Baba ya baro Kano a ƙafa, ya auri marigayiya Inna a Sudan, suka ƙetaro hajji suka zauna. Ban taɓa jin ya ambaci Japan ba. Wataƙila ya ci sa'ar zato ne kawai.

Amma na yi mamakin Idris. A Makka, kuma a gaban dattijo? Ki ce masa ya mayar da na'urar tun maƙwabta ba su ji ba. Ki gaishe mini da Baba cikin ladabi.

Wassalam,
Hashimu

Misfala
26 ga Rajab

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba Idris ya hana a mayar ba, Baba ne. Sau biyar ke nan yana sa a haska masa. Ba wurin saran yake so ba. Inda tsohuwa take zuba wa ɗanta shinkafa, nan yake cewa a maimaita.

Jiya na kai masa shayi, ya ce in zauna. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce, "Waɗannan yatsu biyu ba wuƙar fawa ta cire su ba. Ƙarya na yi muku."

Yaya, Babanmu tsohon soja ne. Turawa sun kai shi yaƙin Bama, ya yaƙi Japanawa, kafin a haife mu. Ya ce wata safiya a bakin rafi wani Bajapane ya fito daga ciyawa ya kai masa sara da takobi ya cire masa yatsun, shi kuma ya harbe shi a ciki. Mutumin bai mutu nan take ba. Har azahar yana faɗin kalmar nan, yana nuna gorar da ke ƙugun Baba.

Na ce, "Ka ba shi?"

Ya ce, "Gorar cike take. Na zauna ina kallonsa har ya yi shiru."

Wallahi na rasa inda zan sa idona. Baba ne fa, wanda duk shekara yake rufe sana'arsa ya tafi Arfa yana shayar da alhazai kyauta. Na tambaye shi me ya sa yake son kallon abin da ke sa shi kuka. Ya ce a daji ya san Japanawa, da yunwa da ƙazanta, ya ɗauke su namun dawa. Sai a bangon ɗakina ya fara ganin suna da gonaki da uwaye, suna dariya.

Ya ce ko Inna ba ta sani ba har ta rasu. Ni na kasa cin abinci. Ka rubuto masa, ko ka zo.

Saudatu

Misfala
8 ga Sha'aban

Ɗana Hashimu,

Allah ya yi maka albarka. Ƙanwarka ke rubutawa, ni nake faɗa.

Shirunka ya iso, kuma ban ga laifinka ba. An mayar da na'ura jiya. Ba na bukatarta, na haddace fuskokin.

Abu ɗaya nake so. Ka kai maganata gaban malaminka, ba sai ka faɗi sunana ba. Ka ce wani mutum ya hana mai mutuwa ruwa alhali yana da shi, shekara ashirin da huɗu ke nan. Duk abin da ya ce, ka rubuto mini yadda ya faɗa. Kada ka sassauta don ni ubanka ne.

Mahaifinka,
Sabo