Riga Marar Maɓalli

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya mutanen Badarawa? Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya.

Ni lafiya lau, karatu na tafiya a Alƙahira. Likitoci ne kawai suka ishe ni. Na borin jini ya ce in fara allura duk mako saboda atishawa da ƙaiƙayi. Na ciwon gaɓoɓi ya ce kul, sai kumburin yatsuna ya sauka. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya maido ni. Haba! Jikin nan ɗaya ne fa!

Kada ki damu. Rigar Sallah ta iso, ta yi kyau, Allah ya saka da alheri. Amma ki gaya wa tela, ta gaba ya ɗinka ta babu maɓalli.

Ɗanki,
Hafizu