Furar Inna Ta Hana A Ɗauki Hoton Zuciyar Mijina

Anti Zuliha, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ƙulle. Maigidana direban haya ne, Birnin Kudu zuwa Kano yake yi. Tun bayan damina ƙirjinsa ke riƙewa, ko buhun gero ya ɗaga sai ya zauna yana haki. Likita a nan ya tura shi babban asibiti a Kano, a yi masa wani hoto wai shi anjiyogirafi, don a ga ko hanyar jinin zuciyarsa ta toshe. Sharaɗin da suka kafa masa guda ne: ya zo da safe bai ci komai ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Surukata, Inna, ta ji cewa za a zuba masa wani ruwa a jini, ita kuma a duniyarta ba a yi wa mutum allura da yunwa, wai jiri zai kwashe shi. Ranar tafiya tun da sassafe ta dama fura da nono, ta tsaya a zaure da ƙwarya. Mutumin da ƙaton kwandasta ke rawar jiki in ya yi tsawa, sai ga shi ya durƙusa ya shanye tas. A Kano aka tambaye shi, ya faɗi gaskiya, aka ɗaga ranar.

Karo na biyu na ɓoye ludayi da ƙwaryar. Ashe ta aika har Fagam an kawo mata zuma, ta dama kunu ya shanye, wai kunu ai ba abinci ba ne. Motar rakiya kuwa cike da dangi, kowa da ƙunshin ƙosai, sai ka ce ɗaurin aure za su. Haka aka sake dawo mana da shi.

Yanzu an ba shi rana ta uku, ciwon kuma ƙaruwa yake. Shi ba zai iya ce wa mahaifiyarsa a'a ba, ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da ita, balle in riƙe mata hannu. Wallahi tsoro nake ji, kada ladabi ya kashe mini miji ya bar ni da yara.

Matar direba, daga Wurno

Ƙanwata, sannu da fama. Na yi dariya, sannan na daina, domin ciwon ƙirji ba ya jiran a gama jin kunya.

Bari in fara da hoton, tunda ga alama a gidanku kowa ya zama likita ban da likitan. Ba fiɗa ba ce. Za a kashe zafin wuri kaɗan a wuyan hannu ko a matsematsi, a zura siririyar roba ta cikin jijiyar jini har kusa da zuciya, a saki wani ruwa da na'urar hoto ke iya gani. Duk inda hanyar ta tsuke, nan take zai nuna. Yawanci mutum idonsa biyu ake yi, ruwan kuma yana fita ta fitsari. Akwai ɗan haɗari kamar kowane aiki, shi ya sa ake duba ƙoda tukuna, a tambayi magungunan da yake sha. Asibitinsa ya hana shi cin abinci ne don kada amai ya taso masa yana kwance. Direban da ke kai motarsa Kano a duba bututun mai bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba.

Inna kuwa ba maƙiyiyarki ba ce. Ɗanta za a kai inda ba ta da iko, abin da ya rage a hannunta shi ne ƙwarya. Ɓoye ludayi ba zai yi ba, kin dai gani.

Ga abin yi. Ki sami babba a dangi wanda take jin maganarsa, ya raka ta wurin likitan nan na gida ta ji bayani da kunnenta. Maigida ya tafi Kano tun ana gobe, ya kwana wurin ’yan'uwa, rakiyar mutum ɗaya ta isa, masu ƙosai su yi addu'a daga gida. Idan ciwon ya tsananta kafin ranar, ko ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, a wuce asibiti nan take. Shi kuma ki gaya masa a ɗaki cewa biyayyar da Inna ta fi buƙata ita ce ya rayu.

Furar kuma kada a hana ta damawa. Ta dama mai kyau ranar hoton, a ba ta kujerar gaba a mota ta bi shi Kano, ta zauna a bakin ɗakin hoton da ƙwaryarta a cinya. Da zarar likita ya ce ya ci, hannunta ne zai fara ba shi. Allah ya ba shi lafiya, ya bar mata ɗanta ya daɗe yana shan furarta.

Anti Zuliha